Ranar da Aka Raba Tukwanen Caina Bisa Lebul

Ko na tsufa haƙora sun zube, ba na jin zan manta da ranar da aka buɗe baje kolin tukwanen Caina a wurin ai-ti ɗina. Ku 'yan aji uku da za ku fita ai-ti bana kun dame ni a gurup, "Habila ba mu labari, Habila ya aka yi." To, sakamako ya fito jiya, na haye, yanzu bakina ya buɗe. Ku gyara zama, yatsana ya riga ya ɗau zafi.

Ga wanda bai sani ba, ai-ti shi ne watannin nan da makaranta ke tura ka wata ma'aikata ka koyi aiki da hannunka. Kafin ka gama, lakcara zai taso daga Gwagwalada ya zo ya ga abin da kake yi, ya ba ka maki. Sau ɗaya ake zuwa, ba a maimaitawa. In ka faɗi sai baɗi, 'yan ajinku su sa rigar digiri kai kana ɗaukar su hoto. Ni kuma Mamana a Lugbe ta riga ta fitar da ankon bikin gama karatuna, matan cocinsu duk sun kai ɗinki. Kun ga ba wasa a harkar.

Kuma wa aka haɗa ni da ita? Dakta Hannatu. E, ita fa. Wadda in ka ce mata yau rana ta fito za ta ce, "Ina ka samo?" Matar nan za ta yafe maka ka ce ba ka sani ba, amma ka ƙirƙiro abu ka faɗa mata da ƙarfin hali, wallahi ka gama yawo.

Wurin da aka tura ni wata cibiyar al'adu ce ta gwamnati a cikin gari, ba zan kama suna ba. An sa ni sashen adana kayan tarihi, ƙarƙashin Anti Laraba, 'yar Jiwa, mace mai sanyin magana, lebul tara. Ku riƙe maganar lebul ɗin nan. A aikin gwamnati lebul shi ne matakin muƙaminka, kuma shi ne komai. Shi ke faɗin kujerar da za ka zauna, inda za ka yi fakin, wa zai fara gaida wa, har in an raba kaza a taro shi ke faɗin wa zai ci cinya wa zai ci wuya.

Da damina ta zauna sai wasu baƙi daga Caina suka kawo mana aron tukwanen tagulla don a baje wa jama'a. Ba na asali ba ne, kwafi ne. Na asalin sun haura shekara dubu uku, suna can gidajen tarihinsu, ba mai ɗoro su a jirgi ya kawo mana. Amma kwafin ma tagulla ce ta gaske, nauyi kamar buhun siminti, kuma sun zo da doka: ba a taɓawa sai da safar hannu, ba a matsarwa sai jami'in adanawa yana wurin.

Ranar da aka buɗe akwatunan na kwashe da dariya. Na ce, "Anti, wannan ai tukunyar shinkafar biki ce, mai ƙafa uku, irin ta layinmu!" Ta ce, "Je ka karanta, sai ka dawo ka yi dariyar." Na je na karanta, dariya ta ƙare. Waccan mai ƙafa uku da kunnuwa biyu a tsaye sunanta din, a ciki ake miƙa wa kakanni da suka rasu nama. Akwai kwanuka na hatsi, gero ma kuwa, irin namu. Akwai wasu 'yan kofuna masu dogayen ƙafafu da baki kamar na buta, su na giya ne. Duk na ibadar kakanni ne, ba na girkin gida ba.

Amma abin da ya kama ni shi ne zanen jikinsu. Ka tsaya gaban tukunyar, da farko sai ka ga layuka kawai, sun nannaɗe sun cika ko'ina kamar zanen lalle. Can sai ka ga idanu biyu sun bulluƙo suna kallonka. Daga idanun sai ƙaho, sai kunne, sai hanci, sai leɓen sama da haƙora. Haɓar ƙasa babu. Jiki ma sau da yawa babu. In ka rufe rabin fuskar da tafin hannu, sai ragowar ta koma wata dabba ana kallonta ta gefe. Kuma ba sassaƙa zanen aka yi a kan ƙarfen ba, a jikin yumɓu aka yi shi, aka haɗa ɓangarorin yumɓun, aka zuba narkakkiyar tagulla. Gai, mutanen nan ba su da wuta ba su da janareta fa.

Anti Laraba ta ga na haukace a kansu, ta ce, "To shi ke nan, wannan ne aikinka. Kai za ka jera, kai za ka yi bayani." Na jera su daga mafi tsufa zuwa na baya, yadda in kana tafiya za ka ga adon yana canzawa: na farko siraran layuka da idanu kawai, sai fuskar ta cika ta kumburo, sai tsuntsaye masu dogon jela suka karɓe wurin, a ƙarshe sai layuka masu hawa da sauka kamar igiyar ruwa. Wannan jerin shi ne abin da zan nuna wa Dakta. Ita kuma ta aiko cewa ranar buɗewa za ta zo, ta gan ni a gaban mutane.

Ana gobe buɗewa sai ga Oga Bala. Shi ne furotokol, wato mai tsara wa zai zauna ina, wa za a fara ambata, wa zai yanka kirtani. Lebul sha huɗu. Mutumin da in ka sa kujerar darakta ta fi ta mataimakinsa gajarta da ɗan yatsa, ba zai ci abinci ba ranar. Ya shigo da hularsa a karkace, ya ƙwanƙwasa babbar tukunyar da makullin mota. Anti Laraba ta runtse ido.

Ya ce, "Ɗan ai-ti, me ake dafawa a wannan?"

Na ce bari in gwada bayanina a kansa. Na zuba, na zuba, yana hamma. Har na zo inda na ce littattafansu na da sun ce yawan tukwanen da mutum ke da su shi ke nuna matsayinsa, sarki tara, na ƙasa da shi bakwai, haka ana raguwa har a zo kan mai ɗaya.

Hamma ta tsaya cak.

Ya ce, "Maimaita."

Na maimaita.

Ya ce, "Wato su ma suna da lebul?"

Na ce, "Kusan haka ne, oga."

Ya yi wani murmushi, ya dafa kafaɗata ya ce, "Yaron nan za ka yi nisa." Ni kuwa sakarai har na ji daɗi, na tafi gida ina ba Mama labari oga ya yaba ni.

Washegari goslo ya riƙe mu a hanyar filin jirgi, amma duk da haka na iso da sauran lokaci. Na shiga ɗakin baje koli ina gyara kwalar riga, sai na tsaya. Teburan suna nan. 'Yan katunan bayanin da na rubuta suna nan. Fitilu suna haska wurin da kyau. Tukwane babu. Jama'a, babu! Sai kwanuka biyu a can lungu kamar marayu.

Na ruga na sami Anti Laraba a zaune a ofis, ta haɗa kai da hannu.

"Anti, ɓarayi?"

"Da ɓarayi ne ai da sauƙi. Je ka zauren taro."

Na je. A kan babban tebur, inda manya ke zama, an shimfiɗa farin yadi, an jera ruwan roba, kuma a gaban kowace kujera ga tukwanena. Gaban kujerar babban baƙo guda uku, har da babbar, mai manyan idanun nan. Gaban Darakta biyu. Mataimakan darakta ɗaya-ɗaya. Shugaban sashen mulki, Alhaji Sule, da tukwane suka ƙare sai aka ajiye masa kofi. Masinjoji ne suka kwaso su da hannu tsirara, ga shatin yatsu ko'ina. Wani ma ya cusa furen roba a cikin ɗaya.

Oga Bala yana tsaye yana kallon aikinsa kamar wanda ya gama ginin bene.

Na ce, "Oga, don Allah, wannan ba a matsar da su. Kuma jerin ya lalace, malamata za ta..."

"Ba kai ka ce bisa matsayi ake raba su ba?"

"A Caina, oga! Shekara dubu uku da suka wuce!"

"To mu ba mu da matsayi ne? Baƙi su zo su ga mun fi su sanin al'adarsu. Tara ce ma ta kamata, ba su kawo da yawa ba, na yi maneji."

Anti Laraba ta biyo ni, ta ce, "Sa, akwai doka a kan kayan nan."

Ya dube ta sama da ƙasa ya ce, "Laraba, lebul nawa kike?" Ta ja da baya.

Ku ce abin ya tsaya nan? Ina! Mataimakan daraktan nan biyu, mace da namiji, lebul ɗinsu ɗaya. Madam ta shigo ta leƙa tukunyarta, ta leƙa ta abokin aikinta, ta ga tasa ta fi tata faɗin baki. Ta kira Oga Bala ta ce ita ta riga shi samun ƙarin girma, a canza. Aka canza. Shi kuma da ya zo ya ji, ya ce shi ya riga ta shiga aikin gwamnati tun tana sakandare, a mayar. Aka mayar. Ni ne fa mai ɗauka, don na rantse ba wanda zai sake taɓa su ba safar hannu. Na kai, na dawo, na kai, bayana kamar zai balle. Alhaji Sule kuma ya tsare ni a ƙofa, ya ce, "Kai, ni ne za a ba kofi? Shekaruna a gidan nan, kofi?" Na ce ranka ya daɗe ba ni na raba ba. Ya ce to ya ji, zai tuna.

Ina cikin wannan cakwakiya wayata ta yi ƙara. Dakta ta iso, tana ɗakin baje koli. Na same ta tana tafiya a hankali tsakanin teburan da ba komai, tana karanta katunan ɗaya bayan ɗaya.

Ta ce, "Habila, kati ya ce a dubi ƙahon. Ina ƙahon?"

Na ce, "Ma, yana zauren taro."

"Me yake yi a can?"

"An ba shi kujera, ma."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ni abin da na gani zan ba maki. Yanzu dai na ga tebur." Ta wuce zauren ta zauna can baya, ta ciro biro. Na ji ankon Mamana yana yawo a idona.

Babban baƙo ya iso, wani babban jami'i ne daga ma'aikatar da ke samanmu, dattijo mai ƙiba da tattausar murya. Aka yi addu'ar Musulmi, aka yi ta Kirista, aka shiga jawabai. Baƙinmu na Caina su biyu suna layin gaba, tun shigowarsu suka ga tebur suka kalli juna, ɗaya ya cire tabarau ya goge ya mayar. Na ga wuyan ɗayan ya yi ja.

Shi babban baƙo ko ganin mutane ba ya yi sosai, tukwane sun tare shi, sai ya leƙo ta tsakaninsu. An kawo masa ɗan faranti na soye-soye, yana ci yana kallon babbar tukunyar, ita ma tana kallonsa. Da aka ba shi makirufo, maimakon ya karanta jawabinsa sai ya ce, "Darakta, kafin komai, wannan dabbar da take ta harara ta tun da na zauna, mece ce?"

Darakta ya juya ya kalli Oga Bala. Oga Bala ya juya ya kalle ni. Ya jawo ni ta hannun riga, ya raɗa min a kunne, "Ka ce zaki ne. Alamar mulki da ƙarfi. Ka ji ko? Zaki."

Aka miƙo min makirufo. Ga Oga Bala a gefena yana huci. Ga Dakta can baya ta ɗaga biro. In na ce zaki, oga zai ji daɗi, Dakta ta ce ina ka samo, in dawo baɗi. In na faɗi abin da na karanta, to ku ji abin da na karanta.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba zaki ba ne."

Na ji Oga Bala ya taka min ƙafa.

Na ce, "Gaskiya waɗanda suka ƙera ta ba su bar bayanin ma'anarta ba, don haka ba a tabbatar ba. Wasu masana sun ce mai tsaro ce, wasu sun ce tana tsakanin masu rai da kakanni, wasu sun ce ado ne kawai. Amma mutanen da suka zo bayansu da daɗewa sun sa mata suna tawtiye, kuma sunan ya bi ta har yau."

Ya ce, "Me sunan yake nufi?"

Na ce, "Mai haɗama, ranka ya daɗe. Sun ce dabba ce mai kai ba jiki, ta ci ta ci ba ta ƙoshi, har cin ya hallaka ta. Wai an sa ta a jikin tukunya ne don manya su riƙa gani lokacin cin abinci, su tuna. Amma shi ma wannan, ba a tabbatar ba."

Babban baƙo yana riƙe da cinyar kaza. Ya kalle ta. Ya mayar da ita faranti a hankali, ya goge hannu. Ni dai na fara tunanin wace sana'a zan koya a Lugbe.

Ya leƙa tukunya ta biyu, fuska. Ya leƙa ta uku, fuska. Ya ce, "To ni wa ya ga ya dace a ajiye min har uku?"

Duk zauren ya juya ya kalli Oga Bala. Hularsa ma ta miƙe da kanta.

Sai dattijon nan ya fashe da dariya, irin wadda ciki ke rawa. Ya nuna Darakta ya ce, "Kai ma ashe biyu ne da kai, kana biye da ni!" Da manya suka ga ya yi dariya, kowa ya yi, amma hannu na aiki a ƙasa. Madam ta fara tura tukunyarta da gwiwar hannu zuwa wajen abokin aikinta, tana cewa, "Ai kai ka riga ni shiga aiki." Shi kuma yana turo mata yana cewa, "A'a, Madam, ke kika riga ni ƙarin girma." Na daka tsalle na riƙe tukunyar kafin ta faɗo.

Alhaji Sule ya ɗaga kofinsa sama da fara'a ya ce, "Alhamdu lillahi, ni dai kofi aka ba ni. Yaro, nawa ba fuska ko?"

Na ce, "Akwai, ranka ya daɗe, ƙarama ce. Kuma na giya ne."

"A'uzu billahi!" Ya dire shi kamar ya taɓa garwashi, yana goge hannu a babbar riga. Har ɗan Cainan nan mai jan wuya sai da ya rufe baki yana girgiza.

Babban baƙo ya ce, "Ku mayar wa mutane kayansu inda suke, in je in gani kamar kowa. Wa ke kula da su?" Anti Laraba ta miƙe. Ya ce kowa ya bi abin da ta ce. Ranar na ga lebul tara tana ce wa lebul sha huɗu, "Sa, safar hannu tukuna. A'a, ba ta kunne ba, ta ƙasa za ka tallabo." Oga Bala ya ɗauki mai furen roba, gumi har cikin ido.

Muka mayar da jerin yadda yake. Na yi bayanina tun daga siraran layuka har igiyar ruwa, na sa babban baƙo ya kare rabin fuskar da hannu daga nesa ya ga dabbar gefe, ya ce, "Kai! Ashe biyu ne a ɗaya." Baƙin Caina suka gyara min yadda ake furta sunan dabbar, na maimaita, suka sake gyarawa, muka haƙura.

Da aka watse Dakta ta kira ni bakin motarta. Ta ce, "Maganar haɗama, ina ka samo?" Na faɗa mata. Ta ce, "Ka ce ba a tabbatar ba a gaban mutumin da yake son amsa ɗaya. Ya yi." Har na fara washe baki, sai ta ƙara, "Amma wa ya gaya wa furotokol maganar tara da bakwai?" Na sunkuyar da kai ina kallon tayar mota. Ta ce, "Zan rage maka a nan." Kuma ta rage ɗin, na gani jiya. Amma na haye, gai, na haye! Mama tun safe take waya, anko zai fito.

To ƙannena, ga abin da na koyo. A aikin kayan tarihi, ƙura da gara da ɗigon rufi ba su ne manyan abokan gaba ba, su Anti Laraba ta san maganinsu. Babbar matsala ita ce oga mai son ya burge ogansa. Kaya ba sa magana, kai ne bakinsu, kuma ranar da babba ya tambaye ka, za a sami mai raɗa maka amsa mai daɗi a kunne. Ka faɗi iyakar abin da aka sani, inda sani ya ƙare ka ce ya ƙare. Sannan don Allah, duk abin da ke da jerin wa ya fi wa, ko na fir'auna ne, kada ka faɗa a gaban furotokol.

Ranar da zan bar wurin na haɗu da Oga Bala a wajen fakin. Tun ranar taron bai ƙara yi min magana ba. Ya waiga hagu, ya waiga dama, ya yafito ni.

Ya rage murya ya ce, "Ɗan ai-ti, tsakanina da kai. A tsarin nasu, lebul sha huɗu tukunya nawa yake samu?"

Na gyara jakata na ce, "Oga, ba a tabbatar ba."